Man Goge Fentin Mota: Wanne Ke Fitar da Zanen Sanfefa?

Yau shirin namu ya leƙa garejin masu fentin mota, wurin aikin ƙarshe da ake yi kafin a miƙa wa mai mota makullinsa.

Idan aka fesa fenti aka ɗora kiliya, wato ruwan nan mai sheƙi da ke saman launi, da wuya ƙura ba ta hau ba, balle a lokacin hunturu. Sai mai fenti ya jiƙa sanfefa ya bi wurin. Ƙura ta tafi, amma jikin motar ya dushe, ya cika da siraran zane. Man gogewa ne zai fitar da su.

Ku lura, shi wannan man ci yake yi. A cikinsa akwai gari mai kaifi da ke kankare saman kiliya har ya sauko daidai da zurfin zanen. Ita kuwa kiliyar motar da ta fito daga kamfani kaurinta kan kai maikiron 40 zuwa 50, kusan rabin kaurin takardar rubutu. Abin da aka kankare ba ya dawowa.

Saboda haka lambar sanfefar da aka gama da ita ce ke zaɓa maka mai. Wanda ya tsaya a 1500 ya bar zane mai zurfi, sai mai kaushi irin G3 na kamfanin Farécla na Ingila, a kan faifan gashin tunkiya. Wanda ya daure ya bi da 2000, ya ƙarasa da 3000, matsakaicin mai da soso sun ishe shi. A ganina wannan haƙurin ya fi, domin injin gogewa ba zai daɗe yana zafafa fenti ba. Zafin nan ne ke huda kiliya a gefen ƙofa da ƙashin bonet, inda ta fi siranta, shi ya sa ake rufe su da salatif. A fara gwada man da ya fi laushi a ɗan wuri, in ya gaza a ƙara ƙarfi.

Mai kaushi ma yana barin nasa sawun. A baƙar mota za ka ga da'irori kamar saƙar gizo da zarar rana ta haska. Dole a bi da mai laushi, da soso mai taushi, inji na tafiya a hankali.

Akwai abin da ke damuna. Wasu mayukan suna da kakin da ke cike zane ya ɓoye shi, mota ta fita tana walƙiya, bayan wanki biyu ko uku zanen ya dawo. Mai mota, kafin ka biya, ka sa a goge ɗan wuri da sifirit da ƙyalle mai tsabta, a fito da motar rana ka duba. Zanen da farcenka ya maƙale a ciki kuwa ya wuce aikin mai, sai an sake fesawa.