Abin da Sunayen Garuruwa Suke Gaya Mana

Kullum muna ambaton sunayen garuruwanmu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san ma'anarsu. A wannan zango malaminmu na labarin ƙasa ya ba mu wani aiki a aji huɗu, wanda nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Ga yadda aikin yake. An raba mu rukuni-rukuni, aka ba kowane rukuni taswira da farin kwali da fensir masu launi. Muka kwafi taswirar a kwali, amma maimakon mu rubuta sunan wuri, sai mu zana abin da sunan yake nufi, sauran 'yan aji su cinka.

Da muka jera zanen a bango, sai muka ga sunayen sun kasu huɗu. Akwai na siffar ƙasa, kamar Dutse a Jihar Jigawa da Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar. Akwai na itatuwa, kamar Rimi a Jihar Katsina da unguwar Kurna a Kano. Akwai na ruwa, kamar Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki. Na huɗu kuwa na aikin mutane ne. Birni shi ne gari mai ganuwa, saboda haka muka zana ganuwa a Birnin Kebbi, Birnin Kudu da Birnin Ƙonni.

Rukuninmu ya sami Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Mun zana itatuwa masu duhuwa, alhali yau babu komai a wurin sai rumfuna da cinkoson jama'a. Kurmin ya tafi, sunan kaɗai ya rage yana ba da shaida.

Mun kuma lura cewa taswira ba ta faɗin komai. Kogin da take kira Neja, Hausawa Kwara suke ce masa, kuma daga nan Jihar Kwara ta sami sunanta. Garin da Turawa suka rubuta Sokoto, mu Sakkwato muka sani.

To, idan itace ya faɗi, ganuwa ta zube, tsoho kuma ya rasu, wa zai gaya mana asalin suna? Don haka ina roƙon kowane ɗalibi, idan ya je hutu, ya tambayi kakanninsa ma'anar sunan garinsu da na unguwarsu, ya rubuta. Iyayenmu kuma, don Allah ku ba mu amsa tun da sauran masu sani.