Ceri a Tsakiyar Hunturu

Yana daga cikin hikimomin Ubangiji Maɗaukaki cewa sa'ad da hunturu ya lulluɓe Sin da Amurka da Turai, itatuwa suka kaɗe ganye, a sannan ne ƙasar Cile, da ke kudancin duniya, take tsinkar jajayen 'ya'yan ceri, tun daga Nuwamba har Janairu. Saboda haka manyan kantuna sukan ƙulla alkawari da manomanta tun 'ya'yan ba su nuna ba. Da an tsinko sai a sanyaya su nan take, nunan fari ya bi jirgin sama, saura kuwa jirgin ruwa, tafiyar kamar mako uku zuwa Sin, inda galibinsu suke ƙarewa albarkacin bikin sabuwar shekarar Sinawa. Wannan ɗawainiya tana daga cikin dalilan tsadarsu.