Abin Da Ya Sa Saniya Ta Ke Tauna Ƙashi

Manoman Gazara da na sauran ƙasar Makarfi, Ikara da Kudan, ku da ku ke haɗa noman rake da kiwo, kun sha ganin saniya da rani tana tauna tsohon ƙashi, ko tana lasar ƙasa. Waɗansu su kan ce kwaɗayi ne. A'a, jikinta ne ya rasa wani abu, shi ta ke nema.

Wani likitan dabbobi, Arnold Theiler, ya bi diddigin wannan al'amari a Afirka ta Kudu cikin 1919. Ya tarar ciyawar wurin ba ta da isasshen sinadarin nan mai gina ƙashi da a ke kira fosfaras, don haka shanu su ke cin ƙasusuwan mushe. A cikin mushen kuwa akwai dafi mai shanye jiki, ya kashe. Da a ka riƙa ba su tsabtataccen garin ƙashi, sai su ka rage wannan hali.

Daga baya Fred Provenza na Jami'ar Jihar Utah a Amurka ya gwada da tumaki. Ya ga dabba ba a haife ta da sanin kowane ganye ba, koyo ta ke yi ta hanya biyu. Ta farko, ɗa ya kan ci abin da ya ga uwarsa tana ci. Ta biyu, ciki ne malami. In tunkiya ta ci abu ya ba ta ƙarfi, sai ta riƙe ɗanɗanonsa ta sake nemansa. In ya tayar mata da zuciya, sai ta ƙaurace masa.

To, ga amfanin wannan a gare ku. Ragon da ka sayo don turka, in ya ƙi angurya ko dusa, kada ka ce ciwo ne. Bai saba ba ne. Ka gauraya masa kaɗan-kaɗan da harawa, ka ɗaure shi kusa da wanda ya saba. 'Yan maruƙa kuwa a fara nuna musu tun suna bin uwa.

Kan rake yana cika ciki, amma ba shi da abin gina jiki sosai. A haɗa da harawa ko 'ya'yan gawo. Kanwa tana maganin ƙishin gishiri, amma ba ta tsayawa a madadin fosfaras, sai a nemi gishirin lasa wurin malamin dabbobi. A kuma kwashe mushe da leda daga makiyaya.

Amma fa kada ku dogara da wayon dabba kaɗai. Gyauron dawa yana iya kashe saniya kafin cikinta ya koya mata kome. Nan tsaron makiyayi ne magani.

Allah ya albarkaci garkenku, amin.