Ƙofa Uku, Mota Ɗaya, Akuya Biyu

A filinmu na yau wasa ƙwaƙwalwa na kawo muku, wanda ya taɓa kunyata manyan malaman lissafi a Amurka, mace ɗaya kuwa ta tsaya a kan amsarta har suka sauko.

A shekarar 1963 aka fara wani wasa a talabijin ɗin Amurka mai suna Let's Make a Deal, wani mutum da ake kira Monty Hall ke gabatar da shi. Daga wannan wasa aka ƙago tambayar, ga ta kuwa. An tsayar da ke gaban ƙofa uku a rufe. Bayan ɗaya akwai mota sabuwa, bayan sauran biyun akuya ce. (Su can akuya ita ce faɗuwa. Mu nan Tambuwal da Kebbe, wadda aka miƙa wa jar akuya ai sai godiya, amma dai mu ce motar kike so.) Kin nuna ƙofa ta ɗaya. Mai gabatarwa, wanda ya san inda motar take, bai buɗe taki ba. Sai ya buɗe ɗaya daga sauran biyun, ya nuna miki akuya. Sa'an nan ya ce, "Za ki zauna a kan taki, ko za ki koma waccan da ta rage?"

To, kafin ki ci gaba da karatu, ki ba kanki amsa.

Yawancin mutane cewa suke yi duk ɗaya ne, tun da ƙofa biyu suka rage, rabi da rabi ke nan. Wannan amsa kuwa ba daidai ba ce. Wadda ta sauya ƙofa tana cin motar sau biyu cikin uku, wadda ta kafe a kan tata sau ɗaya kawai.

Wani malamin ƙididdiga, Steve Selvin, ya rubuta wannan tun 1975, amma ba a yi ta surutu ba sai a 1990, lokacin da aka aika wa Marilyn vos Savant tambayar a filinta na mujallar Parade. Ta ce a sauya. Kai, sai wasiƙu suka yi ta zubowa, wajen 10,000, kusan 1,000 daga cikinsu na masu digirin dakta ne, galibi suna cewa ta yi kuskure. Har wani ya rubuta cewa wataƙila mata daban suke kallon lissafi da maza. Ba ta janye ba. Sai ta roƙi malaman makarantu su sa yara su gwada wasan a aji, su ƙirga. Da sakamako ya dawo, ita ce da gaskiya.

Ke ma kina iya gwadawa a tsakar gida, ba sai da mota ba. Samo ƙoƙo uku da goro ɗaya. 'Yarki ko abokiyar zamanki ta ɓoye goron ƙarƙashin ƙoƙo ɗaya, ke kuma kin juya baya. Ki zaɓa, ita kuma ta ɗaga ƙoƙon da ta san babu kome cikinsa daga sauran biyun. Ku yi sau 30 kina zama a kan naki, sau 30 kina sauyawa, kuna ajiye tsakuwa duk sa'ad da kika ci.

Ga dalilin abin da za ki gani. A zaɓinki na fari, cikin wasa 30 za ki dace da goro kamar sau 10, ki kuskure kamar sau 20, don ƙoƙo uku ne goro ɗaya. Yanzu ki lura da waɗannan 20 ɗin da kyau, nan ne maganar take. Idan naki babu kome, to goron na cikin sauran biyun. Ita mai ɓoyon ba za ta ɗaga mai goro ba, dole ta ɗaga ɗayan. Me ya rage ke nan? Mai goro. Watau duk sa'ad da kika kuskure da fari, sauyawa kai tsaye take kai ki ga goro, kuskuren fari kuwa shi ya fi yawa. Ba lalle lissafin ya fito 20 da 10 cif ba, amma in kuka yawaita wasan zai matso nan.

In har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ɗauka ƙoƙo 100 ne. Kin nuna ɗaya. Ta bi ta ɗaga 98, duk babu kome, ta tsallake guda ɗaya can tsakiya ba ta taɓa shi ba. Don Allah wanne za ki ɗauka, naki da kika nuna ido rufe, ko wanda ta tsallake da saninta?

Ku 'yan makaranta, irin wannan lissafi na yiwuwar abu yana cikin manhajar sakandare, kuma yakan fito a jarrabawar WAEC da NECO, inda rashin kiredit a lissafi ke iya tsayar da yarinya a ƙofar jami'a. Ni dai abin da ke damuna shi ne yadda yarinya kan samu amsa daidai, sai ta goge don namiji na kusa da ita ya rubuta wata daban.

Amma fa akwai sharaɗi, kada a ce Malama ta koya wa mata caca. Dabarar sauyawa tana aiki ne kawai idan mai wasan ya san inda abin yake, kuma doka ce a kansa kullum ya buɗe maras kome, kullum ya ba ki damar sauyawa. In da sai ya ga kin dace ne yake cewa ki sauya, to kowace sauyawa asara ce. Masu karta uku da kan shimfiɗa buhu a gefen tasha ba su da wata doka sai saurin hannu, waɗanda kuke gani suna ci a gabansu kuwa galibi yaransu ne.