Ina Ruwan Mace Da Rigimar Malaman Jami'a?

'Yan'uwana mata, sau da yawa in an ji a rediyo malaman jami'a sun shiga yajin aiki, sai wata ta ce, "Wannan magana ce ta maza da 'yan boko, ni ina ruwana?" To, 'yar'uwa, da ruwanki. In an rufe jami'a, 'yar da kika sayar da akuya kika biya mata kuɗin rajista, ɗakinki za ta komo ta zauna. In kuwa mijinki malami ne, ke ce za ki san yadda za ki yi da tukunya ran da albashi ya tsaya. Saboda haka ya kamata mu san mafarin abin.

Da fari, ku sani jami'a ba kamar sauran ofisoshin gwamnati ta ke ba, inda babba ya kan faɗa a bi. An shirya ta ne bisa shawara. Akwai majalisa guda da ke riƙe da kuɗi da gine-gine da ɗaukar ma'aikata, ita a ke kira Majalisar Gudanarwa. Akwai kuma Majalisar Dattawan jami'a, inda shaihunan malamai da shugabannin sassa ke zama. Su ke yanke abin da za a koyar, da yadda za a yi jarrabawa, da wanda ya cancanci digiri. A cikin Majalisar Gudanarwa gwamnati na sa mutanenta, jama'ar cikin gida kuma na zaɓen nasu: mutum 4 daga Majalisar Dattawa, 2 daga babban taron ma'aikata masu digiri, 1 daga taron waɗanda suka yi karatu a jami'ar. Dokar da aka gyara a 2003 ta ba wannan majalisa ikon naɗa shugaban jami'a. Watau abin ya yi kama da gidan gandu: maigida ne ke da gona, amma ba ya yanke ranar shuka sai ya ji ta bakin masu riƙe da fartanya.

To, rabin rigimar a nan ta ke. Malamai na cewa a kan tsallake wannan shiri. A 1995, zamanin mulkin soja, aka tura Janar Mamman Kontagora ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shi kaɗai, har zuwa 1998. A 2001 aka kori malamai 49 a Jami'ar Ilori a kan yajin aiki, ba su sami komawa ba sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2009. Ku duba fa, shekara 8 magidanci ba aiki, matarsa da 'ya'yansa na kallonsa. A 2023 kuma gwamnati ta rushe majalisun gudanarwa na jami'o'in tarayya, aka kusa shekara ba a naɗa sababbi ba. Jami'ar da ba ta da majalisa kuwa, ƙarin girma da ɗaukar sabon malami duk sai sun yi ta jira.

Ɗaya rabin maganar abinci ce. Ƙungiyar malaman, wadda a ke kira ASUU, an kafa ta a 1978, har soja suka haramta ta a 1988 da 1992. A 2009 ta yi yarjejeniya da gwamnati a kan albashi da alawus da kuɗin gyaran ɗakunan karatu, aka yi fiye da shekara 10 ana jayayya a kan cika alkawarin. Sa'an nan a 2019 gwamnati ta ce kowane malami ya shiga tsarin biyan albashi na kwamfuta da a ke sarrafawa daga Abuja, mai suna IPPIS. Gwamnati ta ce domin maganin ma'aikatan bogi ne, wannan kuwa hujja ce mai ƙarfi. Malamai suka ce tsarin bai san da malamin da ke zuwa aro daga wata jami'a ba, kuma ya ƙwace wa majalisarsu ikon ɗaukar aiki. Sai a ƙarshen 2023 gwamnati ta yarda a fitar da jami'o'i daga cikinsa.

Abin da wannan ya jawo kun gani da idonku. A 2020 aka yi wata 9 ana yaji. A 2022 aka fara ran 14 ga Fabrairu, ba a koma ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cif, bayan kotu ta sa baki. Gwamnati ta ce ba aiki ba biya, ta riƙe albashin waɗannan watanni, daga baya ta saki wani sashe. Ku tara 9 da 8, wata 17 ke nan cikin shekara 3. Yarinyar da ta shiga da niyyar shekara 4, sai ga ta tana cikin ta 6.

Kada ku ce duk wahalar ta tafi a banza. Yajin 1992 shi ya haifar da asusun harajin ilmi a 1993, wanda aka mai da shi TETFund a 2011. Yawancin sababbin ɗakunan karatun da za ki gani in kin kai ziyara, za ki ga sunan asusun nan a jikin bango. Amma fa gaskiya ɗaya ce, dole a faɗa wa malamai ita: in giwaye na faɗa, ciyawa ke shan wuya. Tun da aka fara ba da izinin jami'o'in kuɗi a 1999, 'ya'yan masu hali ba su san yaji ba. 'Yar talaka ita ke zaman jira. Namiji ya kan fita kasuwa ya dawo in an buɗe. Mace kuwa, da ta yi wata 3 a gida sai gwaggonni su fara cewa, "Zaman me ta ke yi?" Da yawa daga nan karatun ya ke yankewa.

To, mene ne namu a ciki? Na ɗaya, in yaji ya sami 'yarki, kada ki bari littafi ya yi ƙura. Ta riƙa bita, ta koyi ɗinki ko saƙa, ta koya wa ƙanne karatu. Na biyu, in miji na gari ya fito, aure alheri ne, amma ki roƙi mahaifinta ya sa maganar ƙarasa karatu a gaban waliyyai tun kafin a shafa fatiha. Alkawarin da aka yi gaban manya ya fi wuyar karyawa. Na uku, ran da masu neman ƙuri'a suka zo da atamfa da sabulu, ki tambaye su me za su yi jami'a ta daina rufewa. Ƙuri'arki daidai ta ke da ta kowane namiji.

Ku kuma 'yan'uwanmu da ke koyarwa a jami'a, kada ku bar wa maza kujerun majalisun nan. A can a ke yanke maganar ɗakin kwanan 'yan mata, da hutun haihuwa, da hukuncin malamin da ya nemi ɗaliba da lalata. Farfesa Grace Alele-Williams ta shugabanci Jami'ar Benin tun 1985, ita ce mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a Nijeriya. Farfesa Fatima Batul Mukhtar kuma ta riƙe Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016. Ashe ƙofar a buɗe ta ke, sai mai tsayawa zaɓe.

Allah Ya daidaita tsakanin malamai da hukuma, Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.