Takardar Talla da Ƙaramin Mai Sana'a a Kaduna ta Arewa

A garuruwanmu na asali, irin su Kano da Zariya da Katsina, inda kowace sana'a take da unguwarta, kowane gida kuma aka san abin da ya gada tun kaka da kakanni, mai sana'a bai cika bukatar sanar da kowa inda yake ba, domin mai neman rini ya san hanyar Ƙofar Mata, mai neman fata kuwa ƙafarsa za ta kai shi majema ko bai tambayi kowa ba. Kaduna ba haka take ba. Gari ne da Gwamna Lugga ya zaɓa, aka dawo da hedkwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917, sa'an nan jirgin ƙasa da barikin soja da ofisoshin gwamnati suka tara masa jama'a daga kowace nahiya, har ya zama titunan tsakiyarsa ma sunayen wasu garuruwa suke amsawa, ga titin Kano, ga na Katsina, ga na Legas. A irin wannan gari, inda mutum yakan shekara yana haya a Unguwar Dosa ko Badarawa bai san sana'ar wanda ke bayan katangarsa ba, wajibi ne mai ƙaramin jari ya nemi hanyar da zai ce wa mutane ga ni nan, kuma mafi arahar hanyoyin nan ita ce 'yar takardar da ake miƙa wa mutum a hannu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Kawo, ko ya ratsa ta bakin kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a titin Ahmadu Bello, ko ya fito daga masallacin Sultan Bello bayan sallar Juma'a, ya san ta. Faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. A samanta akwai sunan shago da manyan baƙaƙe, a tsakiya hoton keken ɗinki ko kwanon abinci ko yara sanye da kayan makaranta, a ƙasa kuma lambar waya da kwatancen wuri. Masu buga ta su ne tela da mai gyaran waya, da mai makarantar Islamiyya da ke neman ɗalibai kafin sabon zango, da matar aure da ke haɗa turaren wuta ko girkin biki a cikin gidanta, wadda ba ta da shago a bakin titi balle allon da mai wucewa zai gani.

Ba yau aka fara talla a ƙasar Hausa ba. Akwai mai shela da ke kewaya gari da saƙon sarki, akwai yara masu tallar fura da ƙosai da ke kiran hajarsu lungu-lungu, akwai dillaliya da ke shiga gidajen kulle da zannuwa da kwanuka, tana kai labarin kaya inda namiji ba ya shiga. Dukkan waɗannan da baki suke aiki, maganar baki kuwa iska ke ɗauke ta. Rubutun boko da aka buga da inji ya yaɗu ne bayan da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA kuma ta yi ta fitar da ƙananan littattafai da jaridun larduna domin waɗanda suka koyi karatu da girmansu. A Kaduna kanta an buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962, jaridar New Nigerian ta biyo baya ranar 1 ga Janairun 1966. Sai dai filin jarida da lokacin rediyo na masu ƙarfi ne, kamfanonin sabulu da bankuna da dillalan motoci. Telan Unguwar Shanu, ko da a ce yana da kuɗin, ba shi da wata fa'ida a ji sunansa a Maiduguri, alhali wanda zai kawo masa ɗinki yana zaune ne tsakanin layinsu da layi na biyar. Ko a Ingila ma, tallar farko da aka buga da inji cikin Turanci, wadda William Caxton ya fitar wajen 1477, 'yar takarda ce ƙarama mai gaya wa mutane inda za su je su sayi wani littafin coci da araha.

Ya kamata mai niyyar buga takarda ya fahimci yadda maɗaba'a take lissafinta, domin jahiltar wannan shi ke sa wasu su yi tsammanin an cuce su alhali ba a cuce su ba, wasu kuma a cuce su ba su sani ba. Takardar da aka saba gani a ofis, wadda ake kira A4, tsawonta milimita 297 ne, faɗinta 210. Idan aka raba ta biyu ta zama A5, idan aka sake rabawa ta zama A6. Rim ɗaya yana ɗauke da falle 500, saboda haka daga cikinsa ana samun A5 guda 1,000 ko A6 guda 2,000, kuma mafi yawan abin da ƙaramin shago ke son faɗa A6 ta ishe shi. Manyan injunan bugu, irin na kamfanin Heidelberg na Jamus da masu maɗaba'a ke kira Kord da GTO, suna aiki ne bisa wata hikima da Alois Senefelder ya gano a ƙarshen ƙarni na 18, cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa: ana ɗora zanen a kan farantin ƙarfe, inda rubutu yake ya kama tawada mai maiƙo, inda babu rubutu ya kama ruwa ya ƙi tawadar. Hoto mai launi kuwa tawada huɗu ke haɗa shi, shuɗiya da ja-ja da rawaya da baƙa, kowace da nata farantin. To, kuɗin mai zane a kwamfuta, da kuɗin farantai, da wahalar daidaita inji har launi ya zauna, duk sau ɗaya ake biyansu, ko kwafi ɗari za a buga ko dubu biyar. Wannan shi ne dalilin da ya sa kuɗin kowace takarda ke raguwa gwargwadon yawan da aka buga, shi ne kuma ya sa mai bukatar kaɗan ya fi dacewa da ƙananan injunan da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba tare da faranti ba. Wanda kuma ya haƙura da launi ɗaya ya rage wa kansa farantai uku. Game da tsadar takardar kanta, masana'antunmu na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa wadatar da ƙasa, galibin abin da ake bugu a kai daga waje yake zuwa, farashinsa yana bin dala, kuma masu maɗaba'a sun ji a jikinsu tun da darajar naira ta faɗi a 2023.

Amma a ganina asarar da ta fi yawa ba a maɗaba'a take aukuwa ba, a wurin tsara magana take. Mai shago, saboda ganin ya biya kuɗi, sai ya so ya cusa duk abin da yake sayarwa a fili ɗaya, har baƙaƙen su ƙanƙance, dattijon da aka miƙa wa ba zai iya karantawa ba sai da tabarau, alhali mai tafiya a titi kallo ɗaya zai yi mata ya yanke hukuncin ko ta shiga aljihu ko ta faɗi ƙasa. Abin da yake son sani kaɗan ne: me ake sayarwa, a ina, nawa, wa zan kira. Kwatance kuwa a yi shi yadda mutanen gari suke yi, a ce bayan masallacin kaza, daura da gidan mai, kusa da taransifoma, domin a unguwanni da yawa lambar gida ba ta kai baƙo ko'ina. Akwai kuma maganar harshe, wadda take ci mini tuwo a ƙwarya. Sau da yawa za ka ga mace mai sayar da kayan yaji a Tudun Wada, wadda duk masu sayenta da Hausa suke ciniki, an rubuta mata takarda da Turanci zalla, wai don a ga ta waye, sai takardar ta zama tana magana da waɗanda ba za su zo ba, ta yi shiru ga waɗanda za su zo. Kaduna gari ne na ƙabilu da yawa, ba a musun wannan, kuma wanda ke neman ma'aikatan Malali da Unguwar Rimi yana da hujjar sa Turanci. To takarda ai fuska biyu gare ta, a ba kowane harshe ɗaya. Idan kuma an rubuta Hausar, a rubuta ta da ƙa'idarta, da ƙugiyoyinta, mai shago ya karanta da idonsa kafin a ɗora faranti, musamman lambar waya, domin kuskuren lamba ɗaya ya isa ya mai da bugu dubu shara.

Wani zai ce ai zamanin takarda ya wuce, tunda ga WhatsApp ga Facebook a hannun kowa. Haƙiƙa waɗannan sun sauƙaƙa abubuwa, kuma mata masu sana'ar cikin gida sun amfana da su ƙwarai. Illa dai saƙon waya yawanci yakan tsaya ne ga wanda ya riga ya san ka har ya ajiye lambarka, takarda kuwa tana isa ga maƙwabcin da bai taɓa jin sunanka ba, ita ce ma take kai masa lambar da zai ajiye. An ga misalin wannan bukata a fili lokacin da aka rushe Kasuwar Barci a 2020 domin sake gina ta, a cikin shirin sabunta birni na gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i: 'yan kasuwa suka watsu cikin unguwanni, wanda ya yi shekaru ana samunsa a rumfa ɗaya ya wayi gari masu sayensa ba su san inda ya koma ba. Ga mutum irin wannan, sanar da sabon wuri shi ne bambanci tsakanin ci gaba da ciniki da karyewar jari. Rabon ma yana da ladabinsa. Takardar da aka miƙa da sallama, a unguwar da mai saye zai iya takowa da ƙafa, ta fi ɗari da aka ba yaro ya watsa a tasha ga matafiyan da ke barin gari. Mai hankali kuma yakan tambayi sabon baƙo yadda aka yi ya san da shagon, don ya gane ko kuɗinsa ya haifar da ɗa mai ido.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne cewa takardar talla rubutaccen alkawari ce. Malaman fiƙihu sun yi bayani mai tsawo a babin ciniki, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ta hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya. Hukuncin bai canza ba don maganar ta tashi daga baki ta koma kan takarda, bal ma ya ƙara tsanani, domin abin da dillali ya faɗa wa mutum ɗaya, takarda ta faɗa wa dubu, ta kuma zauna a matsayin shaida. Wanda ya ɗauko hoton ɗinkin wani daga intanet ya sa a matsayin aikin hannunsa, da wanda ya rubuta rangwame alhali ya riga ya ƙara farashi, da mai makarantar da ya yi alkawarin haddar Alƙur'ani cikin lokacin da shi kansa ya san ba zai yiwu ga yawancin yara ba, duk sun shiga wannan babi. Mafi hatsarinsu su ne takardun magani, waɗanda ke jera basir da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a ƙarƙashin kwalba ɗaya. Mai ciwon suga da ya gaskata irin wannan ya ajiye maganin asibiti, da ransa yake biya. Doka ba ta yi shiru ba: hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magunguna har da na gargajiya, kuma ba a halatta tallarsu sai da amincewarta, sa'an nan dokar 2022 ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON domin kula da sha'anin talla baki ɗaya. Sai dai babu hukumar da ke da ma'aikatan da za su tsaya a kowace mahaɗa, saboda haka mai maɗaba'a da ya ƙi karɓar irin wannan aiki ya yi wa jama'a hidimar da sufeto bai isa ya yi ba.

Saura wani al'amari da ya shafe mu musamman, mu da aka tarbiyyantar da mu cewa in ka ga takarda mai sunan Allah a ƙasa ka ɗauke ta. Da kyakkyawar niyya mutane suke buɗe takardunsu da Bisimilla, ko su sa aya a kan tallar Islamiyya ko ta kamfanin Hajji da Umara, suna neman albarka. Amma makomar mafi yawan takardun talla sananniya ce: wasu a taka su a bakin masallacin da aka raba su, wasu mai ƙosai ta ƙunshe kaya da su, sauran kuma iska ta tura su kwata, su haɗu da ledoji su toshe magudanar ruwa, a garin da ruwan Agusta ke cika kwalbatoci har ya shiga gidaje. Ba daidai ba ne mutum ya buga abin da yake girmamawa a kan abin da ya tabbata za a yar. Ya yi Bisimillarsa da bakinsa lokacin da yake ba da aikin, ya bar takardar da sunan shago da farashi da kwatance. Idan kuma aikin na makaranta ne da ba makawa sai an sa nassi, to a buga kaɗan, a miƙa wa iyaye hannu da hannu a cikin gida ko a harabar makarantar, wanda ya raba a waje kuma ya tsaya bayan an watse ya tsince abin da ya zube kafin ya tafi.