Sayen Motar Hannu: Nasiha Ga Magidancin Da Bai Taɓa Saye Ba

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka yi shelar janye tallafin man fetur a Nijeriya, har lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin shekarar 2024 ta ƙare, sa'an nan kuma naira ta faɗi warwas a gaban dala, daga wajen 460 a farashin hukuma zuwa fiye da 1,500, sai al'amarin mallakar mota ya sake kama, ya zamana abin da ma'aikaci matsakaici yake iya tarawa a da daga albashinsa, yanzu sai ya haɗa da kwasar adashi da gudummawar 'yan'uwa, wani lokaci ma har da sayar da fili. Amma kuwa buƙata ba ta gushe ba, domin mai iyali yana da yara da za a kai makaranta, da mai ciki da naƙuda kan zo mata da tsakar dare, da mahaifa a ƙauye waɗanda zumunci ya wajabta a ziyarce su. Sabuwar mota dal kuwa ta zama ta masu hannu da shuni da ma'aikatun gwamnati, zamanin nan ya wuce da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, yake fitar da fijo 504 ma'aikaci ya karɓi rance ya saya da ledarta. Saboda haka wanda ya yi niyyar saye yau, kasuwar motocin hannu zai nufa, inda mai sayarwa ya san kome game da hajarsa, mai saye kuwa bai san kome ba face abin da idonsa ya nuna masa.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun farko shi ne, arahar mota ba a ranar ciniki ake gane ta ba. Magabata sun san cewa sayen doki ba shi ne wahala ba, dawa da harawa da kanwa da ɗawainiyar ɗan barga su ke rarrabe wanda ya isa ya ɗaure doki da wanda sha'awa kawai ta ɗebe shi, to haka mota take, tana cin mai kullum, tana neman baƙin mai da taya da birki lokaci bayan lokaci, ga sabunta lasin da inshora kowace shekara, wadda mafi ƙanƙantarta ma ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun farkon 2023. Don haka kuskure ne babba mutum ya juye duk abin da ya mallaka a kan farashi, ya koma gida aljihu wayam. A ra'ayina, in kuɗin hannunka kashi biyar ne, ka yi ciniki da huɗu ka ɓoye na biyar, domin da wuya motar hannu ta shigo gida ba ta nemi wani abu ba a watanninta na farko.

Da wannan ma'auni ne ya kamata a auna irin motar da za a zaɓa, wato kafin mutum ya tambayi kansa wace ce ta burge shi, ya fara tambayar wace ce bakaniken unguwarsu ya san cikinta da wajenta, wace ce kuma za a sami kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja ba tare da an yi aike zuwa Ladipo ta Ikko an zauna jiran mako guda ba. Wannan shi ne asirin farin jinin Toyota a ƙasar nan. Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, mai inji lita 1.8, ba ta da wani ado da zai sa a waiwaye ta a wurin biki, amma ba ta zuƙar mai, tana jure rami da sakacin mai ita, kuma ranar da larura ta sa za a sayar da ita ba ta kwana a kasuwa. Pontiac Vibe da Toyota Matrix, waɗanda suka cika titunan Arewa, 'yan ɗaki ɗaya ne da ita ta wajen inji, sai dai sun fi ta wurin zuba kaya. Camry ta fi faɗi da daɗin zama, amma wadda ake kira Muscle, musamman ta farkon fitowarta daga 2007 mai inji lita 2.4, an san da yawa daga cikinsu da shan baƙin mai, wanda bai saba jan sanda yana dubawa ba sai ya wayi gari inji ya buga. Honda Accord, irin wadda samari suke kira End of Discussion, tana da ƙarfi da gudu, illarta ita ce ƙafar gaba, wadda in ba a kula da ita ba takan fita a tsakiyar titi, abin da duk mai bin hanyoyinmu ya sha gani. Mai iyali da yawa zai so Sienna saboda kujerunta bakwai, sai dai ya tuna galibinsu silinda shida gare su, ya lissafa man da zai iya saye a wata tukuna. Fijo 406 kuwa har yanzu tana da masoya a Arewa saboda yadda take kwanciya a kan doguwar hanya, amma tana son mai gyaran wuta wanda ya san ta.

Akwai wata jarraba da nake gargaɗin sabon mai saye a kanta, ita ce tsohuwar motar alfarma ta Jamus, Marsandi ko BMW, wadda za a yi masa tayinta da kuɗin da bai wuce na Corolla ba, zuciya ta raya masa cewa ga girma ya zo a ɓagas. Ba banza ta yi araha ba. Mai ita ya gaji ne da kuɗin gyara, wanda ba ya sauka don motar ta tsufa.

Sa'an nan sai a san daga inda motar ta fito. Kasuwa ta kasa su gida biyu, akwai tokumbo, wadda wasu ke ce wa Beljiyam ko 'yar Kwatano, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasashen waje ba ta taɓa hawa titinmu ba, akwai kuma wadda aka riga aka mora a nan gida. Ta farko ta fi tsada kuma galibi ta fi lafiya, amma kada a ɗauka duk abin da ya sauko daga jirgin ruwa tsarkakakke ne, domin kaso mai yawa na masu zuwa daga Amurka a wuraren gwanjo irin su Copart ake sayo su, inda kamfanonin inshora suke sayar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci, kamar dubban da ambaliyar guguwar Harvey ta nutsar a birnin Houston a 2017. Waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka kuwa, gishirin da ake watsawa a tituna don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarƙashinsu, sai ka ga sama tana sheƙi ƙasa kuwa tsatsa ta gama da ita. Ta gida, in an san mai ita, an san kuma mutum ne mai yin sabis a kan kari, wani lokaci ta fi tokumbon da ba a san asalinta ba; amma a guji wadda ta yi haya tsakanin garuruwa, komai kyan fentin da aka shafa mata.

To, in an je duba mota, sharaɗi na farko shi ne mutum ya tafi da bakanikensa na kansa, wanda shi zai biya shi ladan wuninsa, ba wanda dillali ya kirawo daga bayan rumfa ba. Na biyu, a je da sassafe, a tarar da inji da sanyinsa, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye aibinsa. Kafin a tayar, a murɗa makulli rabi a tsaya, a dubi allon da ke gaban direba: wajibi ne fitilun gargaɗi duka su kama, har da ta inji da ta jakar iskar kariya, sa'an nan su mutu bayan an tayar, domin wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta don kada ta tona asiri. In inji ya tashi sai wani ya tsuguna a bayan salansa ya dubi hayaƙi, shuɗi alamar ƙona baƙin mai ne, fari mai kauri wanda ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inji ne, baƙi kuwa mai ne ke tafiya a banza. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a dubi cikinsa, in aka ga wani kumfa mai launin shayi da madara ya manne, to mai yiwuwa gasket ya ƙone ko yana kan hanya. A ja sandar man giya a sunsuna, mai lafiya ja-ja yake, wanda ya yi baƙi yana ƙauri kuwa yana ba da labarin giyar da ta kusa ajalinta, kuma gyaran giyar atomatik na cikin mafi tsada da ke aukuwa ga mai mota.

Motar da ruwa ya ci ita ce ta fi wuyar ganewa, kuma ita ta fi sharri, domin cutarta a cikin wayoyi take, ba ta bayyana sai bayan watanni, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe mota ta mutu a kan hanya ba dalili. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a sa hannu a shafa, a ja bel ɗin kujera har ƙarshensa a duba ko akwai zanen laka, a leƙa ƙarƙashin kujeru ko ƙarafan sun yi tsatsa, a fitar da safayar taya a dubi ramin da take kwance. Motar da aka cika ta da turare fiye da kima ita ma abin tuhuma ce. Game da hatsari kuwa, a dubi tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bodi ko ta daidaita dama da hagu, a bi jiki da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa a kan ƙarfe mai yiwuwa an cike wurin ne da ƙullin masu fenti. Kada a gaskata lambar tafiya da ke kan allo, domin mayar da ita baya aikin 'yan mintoci ne. Direban Amurka yakan yi mil 12,000 ko fiye a shekara, saboda haka motar da ta shekara 12 tana nuna mil 50,000, alhali robar birki ta suɗe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, ita da kanta ta ƙaryata allonta. Kowace mota tana da lambar shasi, galibi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba, da ita ake iya sayen tarihin motar Amurka ta intanet a wurin irin su Carfax da kuɗi kaɗan, sau da yawa ma hotunanta na ranar gwanjo sukan fito. Taya ma tana da ranar haihuwa a gefenta, alƙaluma huɗu, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara. Bayan duk wannan sai a hau, a bi da ita ta kwalta da ta burji, a kashe rediyo a saurara.

Dillali ba abokin gaba ba ne, sana'arsa halal ce kuma la'adarsa haƙƙinsa ce, sai dai mai saye ya tuna cewa dillali ba ya samun kome sai ciniki ya faɗa, don haka maganarsa ta cewa wani Alhaji na nan tafe da kuɗi yanzu-yanzu ba hujja ba ce ta yin gaggawa. Shari'a ta haramta algus da ɓoye aibi, ta kuma ba mai saye damar mayar da haja in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya, da zarar an ce an sallama an kuma karɓa, ciniki ya ƙullu ko da ba a tashi daga majalisin ba, sai fa in an gindaya sharaɗin zaɓi tun farko, wanda Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya ƙaddara wa dabba kamar kwana uku. Abin hawan zamani ya fi dabba ɓoyayyun cututtuka, don haka babu laifi mutum ya nemi a rubuta masa kwana biyu ko uku na gwaji, mai sayarwar da ya ƙi kuwa ƙememe, ƙin nasa ma bayani ne. Wanda kuɗinsa bai kai ba, yana kuma gudun riba, bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suna yin murabaha, wato su sayi motar su sayar masa da ribar ciniki sananniya ya biya kaɗan-kaɗan. Sai dai ya lissafa da kyau, kada biyan wata ya haɗu da kuɗin mai su cinye cefanen gida.

Saura takardu, waɗanda su ne sabon mai saye ya fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa mota mai lafiya marar takarda ba taka ba ce. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin jiragen ruwa irin su Tin Can da Apapa, saboda haka motar da aka ce ta biyo ta Kwatano ko Maraɗi bayan wannan lokaci tana buƙatar bincike ninki biyu, domin jami'an kwastam suna tare motoci a kan manyan hanyoyi, kuma wadda aka samu ba a biya mata duti ba, ko takardarta ta jabu ce, kama ta ake yi ko da mai ita ya saya da zuciya ɗaya. Kafin a biya ko kwabo, a ɗauki kwafin takardar duti a kai ofishin kwastam a tantance, manyan ofisoshinsu na shiyya suna Ikko da Kaduna da Fatakwal da Bauci. A gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke kan takarda harafi bayan harafi. In ta gida ce, a tabbatar sunan da ke kan takardun mallaka shi ne na mai sayarwa, ko kuwa a ga takardar cinikin da ta sada shi da mai sunan, don kada a wayi gari da motar sata a ƙofar gida. A biya ta banki domin ya zama akwai shaida, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, kamar yadda aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a kan ciniki. Daga nan sai a wuce ofishin lasin a mayar da mallaka zuwa sunan sabon mai ita, a kuma biya ta gareji a juye baƙin mai da matatarsa, a duba birki da ruwan lagireto, tun kafin a ɗauki iyali a kama hanyar ƙauye.